Saniyar Amana Ce a Gaba

Shekarar da yayata ta kawo mini na'urar da ke karanta kunnen shanu, gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a Kwanar Dangora. Na yi karatun kwamfuta a Kano, na dawo gida Kiru da takarda a leda da kuma cika baki, aiki bai samu ba, sai na ɓige da canza gilashin waya da bakin caji. Ba na son aikin, kuma ban iya ɓoye abin da ba na so ba. Direba zai miƙo mini waya ya ce cikin miya ta faɗa, in ce masa to ya kai wa mai tuwo ta gyara. Mutane sun san ni da wannan hali. Suna zuwa ne kawai don hannuna yana da kyau, kuma babu wani mai gyaran a kusa.

Yayata malamar dabbobi ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har na tara gemu ba ta daina ce mini auta ba. Aikinta bin rugage ne a bayan achaɓa, da kular allurai a kan cinya, tun daga wajen Bebeji har duwatsun Doguwa. A shekarar nan wasu masu tallafi suka kawo musu sabon abu, wata 'yar roba mai lamba da ake maƙala wa saniya a kunne, da na'ura mai kama da babbar tocila. In ta kara na'urar a kunnen saniya sai ta ɗauki lambar, ita kuma ta danna irin allurar da ta yi mata. Alkawarin abin shi ne, idan lokacin allura ta biyu ya yi, saƙo zai tafi wayar makiyayi da kansa, ya gaya masa shanun da za a tara. Masu tallafin suka ɗauki hotuna suka tafi. Ba a jima ba manhajar da ke ciro bayanai daga na'urar ta daina buɗewa, tana neman wani izini da ba wanda ya san inda ake samunsa.

Ana tsakiyar bazara ta zo rumfata. Ta ajiye na'urar a kan tebur tare da wani ɗan littafi na Turanci da ya zo a kwalinta, ta zauna a bencin masu jira ba tare da ta cire kular daga cinyarta ba.

"Auta, ka ce ka yi karatun kwamfuta."

"Na ce, kuma na yi, Yaya."

"To yau zan gani."

Sai ta ba ni labarin Baffa. Haka kowa ke kiran dattijon da rugagen wajen Ɗansoshiya ke jin maganarsa. Ya daɗe yana ƙin abin kunnen. Ya ce mahaifinsa ya sha gudu da shanu saboda jangali, kuma shi bai taɓa ganin abin da zai ƙirga saniya ya bar ta ga mai ita ba. Yaya ta yi ta zarya, ta sha furarsu, ta duba musu maruƙa, har ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce mata, "Ke na san ki, 'yata, in kin ce za ki zo, za ki zo. Ba kiranki nake son ji ba. Abin nan da kika ce yana da hankali, shi nake so ya kira ni. In bai kira ba kafin mu tashi, zan sa wuƙa in cire shi, kuma kada ki sake kawo mana irinsa." Da ya yarda, sauran rugagen suka yarda. In ya cire, su ma za su cire. Tashin da yake nufi kuwa kowa ya san shi. Da zarar ruwa ya zauna manoma suka fara shuka, samarin rugar za su kora garken zuwa dajin wajen Doguwa.

Na dubi sama ta bakin rumfa. Gabas ta riga ta fara tara hadari da yamma, sai dai ya watse. Yaya ba ta roƙe ni ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, "Bakina ne a cikin na'urar nan."

Ni kuwa, Allah ya sani, daɗi nake ji. Na yi ƙoƙarin ɗaure fuska don kada ta ga kamar ban damu da damuwarta ba, amma tuni na shiga neman kebur ɗin da zai shiga na'urar. Tun da na bar makaranta ba wanda ya taɓa kawo mini aikin da ya fi ƙarfin sukundireba. Na jona ta da tsohuwar kwamfutata, na samu fayil guda a ciki, na buɗe. Lambobi ne da haruffa jere reras, layi bisa layi, babu suna, babu waƙafi, babu inda za ka ce ga farkon magana ga ƙarshenta. Wani zai gani ya rufe. Ni na ji kamar an ajiye mini akushin tuwo bayan dogon azumi.

Ɗan littafin ne ya nuna mini bakin zaren. Na'urar tana zuba bayananta ne a jere, kuma kowane gurbi yana da ma'anarsa. Da farko akwai kan ruga, wato lambar wayar mai garken da yawan shanun da aka karanta. Daga nan sai shanun, ɗaya bayan ɗaya. Kowace saniya tana da lambar kunnenta, kuma a cikin bayaninta akwai wani ɗan ɗaki na allurar da aka yi mata. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta wa kwamfuta bayanin wannan tsari, a ce mata gurbin farko kaza ne, na biyu kaza ne, in kin zo nan ki maimaita sau kaza. Masu aikin suna ce wa irin wannan rubutu sikima. A bayan littafin har an buga samfurinsa, sai dai rabi, kamar wanda ya rubuta ya gaji ya tafi cin abinci. Na kwafe rabin, na shiga ƙarasa sauran da kaina.

Kwanakin nan na kori mutane da yawa. Wata mata ta kawo waya ta ce ba ta jin magana, na ce ta bar ta ta huta. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya fara leƙowa yana tambaya ko lafiya, don ya ji ina magana ni kaɗai.

Gwajin farko, kwamfuta ta ce mini rugar Baffa ba ta da saniya ko ɗaya. Na yi dariya, na ce mata ƙarya kike yi, sannan na zauna na bi rubutuna a hankali. A irin wannan aiki akwai wata 'yar ma'ajiya da ake yi, ni aljihu nake ce mata. Kwamfuta ta karanta abu, ta sa a aljihu, ta ciro shi can gaba in ta buƙata. Na tanadi aljihu na yawan shanu. Amma layin da ke cewa ta duba aljihun ta san sau nawa za ta maimaita, na rubuta shi a sama da layin da ke cewa ta sa lambar a ciki. Ita kuwa ba ta leƙen gaba, ba ta kuma yi wa mutum uzuri. Ta sa hannu a aljihu, ta ji wayam, ta ce babu shanu. Na ɗauki layin ƙasa na mayar da shi sama, na sake dannawa.

Sai ga shanu suna zubowa a fuskar kwamfutar, kowace da lambarta da allurarta. Rugar Baffa, rugagen Bebeji, na Tudun Wada, duk inda Yaya ta taka. Na miƙe tsaye ban sani ba, na bige kai da kwanon rumfa. Na fita na kamo mai shayi da hannu na ce ya zo ya gani. Ya duba, ya ga lambobi, ya ce mini, "Allah ya sanya alheri," ya koma wajen tukunyarsa. Ban ji haushinsa ba. Layi biyu kawai na sauya wa wuri, kuma garke guda ya fito daga inda da babu komai. Har yau in na tuna wannan rana sai na ji wani abu yana yi mini tsalle a ƙirji.

Sauran aikin bai ba ni wahala ba. Yaya ta naɗi muryarta tana gaisuwa, tana cewa lokacin allura ta biyu ya yi, a tara shanu ga ta nan zuwa. Na haɗa abin da wata hanyar aika saƙo, yadda wayar makiyayi za ta yi ƙara ya ji muryar, sannan saƙon rubutu ya biyo baya, kowace saniya da nata. Na fara da rugar Baffa. Na danna, kwamfuta ta ce an aika, na kira Yaya na ce mata ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Da yamma na shiga gidanta ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Ranar kasuwa matan rugar suka shigo Kiru da nono. Yaya ta tare su tana murmushi, suka ce mata wayar Baffa tana nan rataye a reshen marke, inda ake samun sabis, kuma ba ta yi ko tari ba. Daren jiya kuma an yi yayyafi. Ta zo rumfata ta faɗa mini haka a tsaye. Na buɗe kwamfuta na nuna mata inda aka rubuta an aika, ina ɗaga murya, ina cewa laifin wayarsa ne, irin waɗannan ƙananan wayoyin ai ni na san su. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "An aika wa wa?"

Ban kai ga ba ta amsa ba wata mota ta tsaya, wani Alhaji mai jiki ya fito yana tambayar inda zai ga malamar dabbobi, an ce masa tana wajen ƙanenta mai gyaran waya. Mai sayar da hatsi ne a Tudun Wada. Ya yi sallama, ya gaisa da Yaya yadda ya kamata, ya tambayi gida da aiki, amma fuskarsa ba ta gaisa da kowa ba. Ya ciro waya ya ajiye a teburina.

"Malama, me na yi muku?"

"Subhanallahi, Alhaji, me ya faru?"

"Ina zaune a majalisa da mutane wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryarki, wai in tara shanu. Na ce to, ƙila kuskure ne. Sai saƙo ya fara shigowa. Saniyarka mai lamba kaza. Saniyarka mai lamba kaza. Na kashe wannan, wancan ya shigo. Ɗan'uwana ya karɓi wayar yana karanta wa jama'a. Yanzu a Tudun Wada ba mai kirana da sunana, Ardo suke ce mini. Jiya liman ya ja ni gefe yana tuna mini zakkar shanu."

Na cije leɓe na sunkuyar da kai, don in na yi dariya na san Yaya ba za ta yafe mini ba.

"Alhaji, ba ka da shanu ne?" in ji ni.

"Saniyata ɗaya tal, yaro. Ɗaya. Tana wajen Baffa na Ɗansoshiya, na ba shi kiwo tun tana maraƙa. Shi da kansa ya aiko mini cewa an yi allura, har ya ce tawa aka fara yi wa."

Na bar su suna magana na juya ga kwamfuta. Na san na ji wani abu, amma sai da na buɗe saniyar farko ta rugar Baffa na gane mene ne. A cikin bayanin kowace saniya akwai wani gurbi da ban ba shi muhimmanci ba, domin galibi babu komai a ciki. Littafin ya ce wurin lambar mai dabbar ne, idan ba ta mai garken ba ce. Yaya, da yake ba ta tsallake gurbi, ta cika shi ga duk saniyar da aka ce mata ta amana ce. A saniyar farko ta Baffa, ga lambar Alhaji zaune.

Samfurin da na kwafa daga littafin aljihu ɗaya ya yi wa lambar waya. Kwamfuta ta shiga ruga, ta sa lambar Baffa a aljihu. Ta zo kan saniyar farko, ta ga lambar Alhaji, ta cire ta Baffa ta sa wannan. Ta wuce saniya ta biyu, gurbin babu komai, to ba ta taɓa aljihun ba. Ta uku haka, ta huɗu haka, har ƙarshen garke. Ba wanda ya ce mata ta mayar da lambar Baffa, ita kuma ba ta yin abin da ba a ce ba. Da saniyar Alhaji a ƙarshen layi take, da ba abin da zai faru, kowa ya samu saƙonsa. A gaba take, shi ya sa ta ja garken duka ta kai masa Tudun Wada.

Na buɗe wata ruga ta wajen Bebeji. Saniyar farko, ta amana. Na buɗe ta Doguwa, haka. Na yi ta buɗewa, duk rugar da ke da saniyar wani, ita ce a gaba.

"Yaya, ke kike zaɓar wadda za ki fara yi wa?"

"A'a, su suke kawowa. Ai ko'ina haka ne, auta. Ta amana ake fara jawowa. In maganin zai ƙare, ya ƙare a kan nasu. Ko wajen shan ruwa ka lura, in rijiya ta yi ƙasa."

Ta faɗe shi kamar mai cewa gobe Juma'a. Ni kuwa na kasa zama. Mutanen da suka ƙera na'urar nan, a can ƙasarsu, sun ɗauka dabbar baƙo abu ne da ake tunawa da shi daga baya. Ga shi a cikin busassun lambobi, waɗanda ba su san kowa ba, ina kallon halin mutanenmu ruga bayan ruga. Na fara yi wa Alhaji bayani da hannu da ƙafa, ina cewa mutuncin Baffa ne ya jawo masa garke. Ya dube ni, ya dubi Yaya, ya ce, "Ƙanen naki lafiyarsa ƙalau?" Amma da zai tafi fuskarsa ta saki, har ya ce a gaida masa Baffa.

Da motarsa ta tashi, Yaya ta ce, "Ka gama murna? Gobe zan tafi da kaina in gaya masa gaskiya, ya cire abinsa."

Na roƙe ta ta ba ni zuwa safiya. Ta dubi gabas, wadda ta yi baƙi ƙirin, ta juya ta tafi.

Maganin da na gani shi ne in daina yawo da lambar a aljihu gaba ɗaya. Kowace saniya ai a cikin rugarta take. In ana son lambar wanda ke kiwonta, sai kwamfuta ta ɗaga daga inda take tsaye, ta hau mataki ɗaya zuwa kan rugar, ta karanta a can. Akwai alamar da ake rubuta wannan da ita, ɗigo biyu da 'yar karkatacciyar sanda, ma'ana koma baya taki ɗaya. Na rubuta, na gwada a kan kwamfuta ba tare da na aika wa kowa ba, don na koyi hankali. Sakamakon ya fi na da muni. Saniyar farko ta sake ba ni lambar Alhaji, sauran kuma babu lamba ko ɗaya.

Nan raina ya ɓaci. Na zagi littafin, na zagi masu tallafi, na rufe kwamfutar da ƙarfi na fita bakin titi. Iska ta taso, masu rake da masu masara suna ta tattara kaya. Wani ɗan achaɓa ya tsaya yana tambayar wata mata hanyar wani ƙauye, ta ce masa ya yi dama. Ya ce dama daga ina, daga nan ko daga gada? Na tsaya ina kallonsu. Sannan na koma rumfa da gudu.

Ban tambayi kaina daga ina ba. Na ce ta koma baya taki ɗaya, ina ɗauka a kan saniya take tsaye. Amma na rubuta umarnin ne a cikin ɗan ɗakin allura, wanda shi kansa a cikin saniyar yake. Daga can, taki ɗaya kan saniyar zai kai ta, ta duba gurbin lamba, ta samu ta Alhaji ko ta samu wayam. Taki biyu ake buƙata kafin a kai ruga. Na ƙara ɗigo biyu da sanda. Na gwada. Lambar Baffa ta fito a gaban kowace saniya tun daga farko har ƙarshe, ta amanar ma har da ita, tunda shi ne zai riƙe ta a yi mata allurar. Na duba sauran rugagen, kowane garke ya koma wajen mai kiwonsa. Ruwa ya ɓarke a kan kwanon rumfa kamar da bakin ƙwarya, ni kuma ina ciki ina buga tebur ina dariya ni kaɗai.

Na danna aikawa. Kwamfuta ta ce wayar ba ta shiga, za a ci gaba da gwadawa. Na san dalili. In aka yi ruwa mai iska, sabis ɗin wajen Ɗansoshiya yakan ɗauke, wani lokaci har ya kwana bai dawo ba. Babu sauran abin da zan iya yi, kuma ban saba da wannan ba.

Da safe na ɗauki Yaya a babur ɗina. Na so in zo da kwamfuta, ta ce in bar ta. "In ya ga kana danna wani abu a gabansa, zai ce kai ka kira." Ƙasa ta jiƙe sharkaf, ko'ina manoma sun fito da sungumi, mata da yara suna bin su da iri a ƙwarya. Kowace gona muka wuce sai in ji Yaya ta ƙara yin shiru a bayana. Ruwan da suke murna da shi, mu shi ne ya ƙare mana lokaci.

Muka tarar an fara ɗaure kaya. Tabarmi a naɗe, tukwane a kan jakuna, samari da sanduna a kafaɗa. Baffa yana zaune a kan buzu a ƙarƙashin marken, dogo, siriri, da wuƙa a ajiye kusa da gwiwarsa. A samansa wayar tana lilo a reshe, an ɗaure ta da tsumma a cikin leda. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, na durƙusa a bayanta. Aka tambayi kwana, aka tambayi ruwa, aka tambayi shanu da iyali da gajiyar hanya. Ya ce jam, ta ce jam, wato lafiya da Fillanci. Aka kawo mana nono. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi reshen, ni kaɗai nake satar kallonsa har wuyana ya fara ciwo.

"Wannan ne ƙanen naki?" in ji Baffa.

"Shi ne, Baffa, autanmu."

"Yana da gaggawa."

Gaisuwa ta ƙare, magana ta ƙare. Na ga Yaya ta gyara zama, ta ajiye ƙwaryar, ta haɗa hannuwanta. Na san abin da za ta faɗa, kuma na san in ta faɗa an gama. Ta ce, "Baffa, na zo ne in gaya maka," sai wayar ta yi ƙara.

Ƙaramar ƙara ce, irin ta tsofaffin wayoyi, amma har jakunan sai da suka juyo. Baffa bai yi sauri ba. Ya dubi hannun Yaya, ya dubi nawa, ya ga ba komai a cikinsu sai ƙwaryar nono. Babban ɗansa ya kwance ledar ya miƙa masa. Ya danna, ya kara a kunne, sannan ya janye ta ya riƙe a tafin hannu don kowa ya ji. Muryar Yaya ta fito tana sallama, tana cewa lokaci ya yi, ga ta nan zuwa, alhali ga ta zaune a gabansa bakinta a rufe. Matan da ke tsaye suka rufe baki suna dariya. Sai saƙonnin suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan nasa ya shiga cikin garke yana karanta lamba yana duba kunne, duk wadda ya kira sai a same ta, kuma cikin waɗanda ke jiran allura ta biyu take. Ni dai na manta a gaban dattijo nake, bakina har kunne, ina ta gyaɗa kai kamar ni ake kira.

Baffa ya ajiye wayar a kan buzu. Sannan ya yi wa ɗansa magana da Fillanci, gajeriya, ɗan ya dube shi kamar bai ji da kyau ba. Ya maimaita. Ɗan ya ɗauki sandarsa, ya kira samari biyu, suka bi ta bayan wani tudu da ke yamma da rugar.

"A sauke kayan," in ji Baffa. "Yau ba tafiya. Malama, kafin ki fara, bari a kawo sauran."

"Wane saura, Baffa?"

Ya nuna tudun da haɓa. Can muka ji kuka da takun kofato, sai ga ƙaho yana ɓullowa ta kan tudun. Farare ne manya, da maruƙansu, da wani bijimi mai tozo da ban taɓa ganin irinsa ba. Suna ta fitowa, har suka fi waɗanda ke gabanmu yawa. Kunnuwansu duk lafiya lau, ba a taɓa huda ko ɗaya ba. Yaya ta miƙe tsaye a hankali. Shekara da shekaru tana zuwa rugar nan, tana cin abincinsu, ta ɗauka babu saniyar Baffa da ba ta san fuskarta ba.

"Waɗannan ba ki taɓa ganinsu ba," in ji shi. "Ba wani ma'aikaci da ya taɓa ganinsu. Kin zo da abin kunnen?"

Ta juya mana baya, ta ja gefen mayafinta ta goge fuska, ta daɗe a haka tana kallon shanun suna gangarowa. Da ta juyo idanunta sun yi ja. Ta miƙo mini jakarta, wadda robobin kunnen ke ciki.

"Auta, buɗe mini. Ba zan iya ba."